Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Walin Jihar Bahar Maliya: A Sa wa Hoton Babban Kifi Doka Tun Jiragen Baƙi Ba Su Dawo Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Wali,

Ina miƙa gaisuwa da fatan alheri gare ka da muƙarrabanka, da kuma jami'an da ke kula da gandun teku na Sanganeb da na Dungonab, domin maganar da zan yi ta shafe su kai tsaye.

Ni ɗan Bur Sudan ne, daga zuriyar Hausawan da suka biyo hanyar Makka a ƙafa har suka iso Sawakin suna jiran jirgin Jidda. Wasu sun haye, wasu kuma Allah ya rubuta musu zama a wannan gaɓa. Kafin yaƙi na yi aiki a jiragen da ke ɗaukar baƙi masu kamun kifi na nishaɗi, mutanen da ke tasowa daga Turai da Afirka ta Kudu da sandunan fatsa masu tsada, su kwashe kwanaki a tsakanin duwatsun murjani suna neman kifi ɗaya tak da zai cika musu hoto. Roƙona shi ne gwamnatin jiha ta rubuta ƙa'idar yadda za a riƙe babban kifi da yadda za a ɗauke shi hoto, ta sa ta cikin sharuɗɗan lasisi, tun kafin a ba jirgi na farko izinin komawa aiki.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasarmu ke cikin wuta. Garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, ya zama mazaunin gwamnati na wucin gadi a 2023, a watan Mayun 2025 ma jirage marasa matuƙa sun kawo mana hari har gida. A irin wannan hali wa ke da lokacin kifi? Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa na ga yanzu ne lokacin shi ne ranar da bindiga ta yi shiru, baitulmali zai kasance fanko, kuma duk wanda ya zo da dala za a buɗe masa ƙofa ba tare da dogon bincike ba. Ranar nan ba wanda zai iya gindaya wa baƙo sharaɗi. Yau kuwa jiragen suna ɗaure, ba wani ɗan kasuwa da zai ce an taɓa masa ciniki, kuma rubuta ƙa'ida ba ya cin komai sai takarda da zama. Tun ran gini, ran zane.

Abin da muke da shi a wannan teku ba ƙarami ba ne. Sanganeb, mai hasumiyar fitila, wanda ke kimanin kilomita 25 daga gaɓa, ya zama gandun teku a 1990. Dungonab da tsibirin Mukawwar, kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan, suka biyo baya a 2004. A 2016 hukumar UNESCO ta haɗa su biyun ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, saboda murjaninsu da ayun teku da kifin manta da kunkurun teku da kifayen shak da ke cikinsu. Tun a 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya zaɓi Sha'ab Rumi ya kafa ɗakunan da mutane suka zauna a ƙarƙashin ruwa har wata guda. Abin da ya kare mana waɗannan wurare, in za mu faɗi gaskiya, shi ne wahalar zuwa da ƙarancin baƙi. Makwabtanmu na arewa da suka cika gaɓarsu da otal-otal sun san abin da yawan ƙafa ke yi wa murjani.

Ba ina neman a hana wannan sana'a ba ne. Na ci abinci da ita, kuma na ga alherinta. Kifin bayad ɗin da masunci zai kai kasuwa sau ɗaya zai sayar da shi. Wanda baƙo ya kama ya saka da rai kuwa, wani baƙon zai sake biyan kuɗin jirgi da na jagora da na mai dafa abinci don ya neme shi baɗi. Masu wannan harka suna da kalma guda da suke kare kansu da ita a ko'ina, wato mu kamawa muke yi mu saki. Matsalar tana cikin 'yan mintunan da ke tsakanin kamawar da sakin, kuma hoto ne ke cinye waɗannan mintuna.

Bari in kwatanta maka yadda abin yake a kan jirgi. Babban bayad, wanda shi ne abin da yawancin baƙin ke nema, yana iya kai tsawon santimita 170 da nauyin kilo 80, ko da yake wanda ya kai rabin haka ma ya isa a yi ihu. In ya cafki ƙugiya, sai ya nufi dutse da ƙarfinsa duka don ya yanke zaren. Ana ja yana ja, har ƙarfinsa ya ƙare, ya juya gefe, launinsa ya dushe. A wannan lokacin jikinsa ya cika da gajiya, abin da yake buƙata kawai ruwa ya bi ta kunnuwansa ya yi numfashi. Sai a sa hannu a kama wutsiyarsa a jawo shi kan daɓen jirgi, wanda ranar Bahar Maliya ta gasa har ba ka iya taka shi ba takalmi. Mai kifin zai zauna a gefen jirgi, mutum biyu su ɗaga su ɗora masa a cinya. Mai kyamara zai ce ka miƙo shi gaba, domin in aka matso da kan kifi kusa da idon kyamara sai ya ninka girmansa a hoto. Sai a ce rana tana bayanka, juyo. Sai a ce cire tabarau. Sai kifin ya yi tsalle ya suɓuce ya bugi ƙarfe, a sake ɗaga shi. Wani abokin tafiya zai ce shi ma a ɗauke shi da shi. Duk wannan lokaci bakin kifin yana buɗewa yana rufewa, jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnuwansa, wanda a cikin ruwa yake bajewa, ya manne da juna ya fara bushewa. Yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta ya koma kan rigar baƙo da safar hannunsa. Daga nan a cilla shi ruwa da kai, ya kaɗa wutsiya sau biyu ya nutse, kowa ya tafa a ce ya tafi lafiya.

Ba wanda ke binsa ya ga abin da ya same shi bayan awa guda. Amma masu bincike sun bi irinsa a wasu wurare. A 1992, a Kanada, an gwada wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut. An gajiyar da kifayen kamar yadda fatsa ke yi, sannan aka raba su kashi-kashi. Waɗanda ba a fitar da su daga ruwa ba, kashi 12 cikin ɗari ne suka mutu. Waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30, kashi 38 suka mutu. Waɗanda aka riƙe daƙiƙa 60 kuwa, kashi 72. Bayad ya fi tirawut taurin rai nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, amma ruwanmu ya fi zafi, kuma ruwa mai zafi ya fi ƙarancin iskar numfashi. A tsibiran Bahamas kuma, inda ruwan ya yi kama da namu, an gano cewa kifin da aka saki alhali ya kasa daidaita jikinsa a ruwa ya fi faɗawa bakin kifin shak da sauran maharan ruwa har ninki shida. Mu kuwa shak muna da shi da yawa, shi ne ma ɗaya daga cikin abubuwan da muke alfahari da su. Kifin da ya bar hannun baƙo yana tangaɗi, abincin dare aka aika wa shak, sai dai a littafin jirgi an rubuta an saki.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, shi ne kifin zurfi. Wasu baƙin suna jefa ƙarfe mai ƙyalli har ƙasan dutse, su riƙa fizga, su jawo najil da gushar daga mita 30 ko 40. Waɗannan kifaye suna da jakar iska a ciki wadda ke daidaita musu tsayuwa a ruwa. Matsin da ke kan kifi a zurfin mita 30 ya ninka na saman ruwa sau huɗu, don haka in aka fizgo shi da sauri iskar cikinsa za ta kumbura daidai da haka. Na sha riƙe najil a hannuna idanunsa sun firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki kamar harshe. Ana ɗaukarsa hoto ta gefen da abin bai cika fitowa ba, a jefa shi, ya yi ta yawo a saman ruwa ciki a sama, ya kasa nutsewa, tsuntsaye suna shawagi a kansa har jirgi ya yi nisa. Wannan ba saki ba ne ta kowace fuska. Da an bai wa ma'aikatan jirgi sun kai wa iyalansu ya fi. Maganin kuma sananne ne, mai arha: wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ake maƙala wa kifin a leɓe a mayar da shi zurfin da ya fito, iskar ta koma yadda take, sannan ya kuɓuce. A Amurka, a Janairun 2022 doka ta wajabta wa masu kamun kifin dutse a Tekun Meziko su riƙe irin wannan kayan aiki ko makamancinsa a jirgi. Duk maƙerin da ke kasuwar Bur Sudan zai iya ƙera shi.

Me ya sa na damu da manya musamman, alhali teku cike take da kifi? Domin kyamara babba take nema, kuma babba shi ne wanda asararsa ta fi wuyar cikewa. Babbar macen kifi tana zuba ƙwai da ya zarce na ƙanana da yawa in aka haɗa nauyinsu ya kai nata. Ita ce irin da manomi ke ratayewa a rumbu, wanda ko yunwa ta yi tsanani ba a taɓa shi. A cikin dangin gushar kuma da yawansu suna fara rayuwa a matsayin mata, sai sun girma sun manyanta wasu ke rikiɗa su zama maza. In aka tsince manyan, sai a bar garke ba isassun maza. Haka kifin Napoliyon yake, mai kaurin leɓe, wanda ke kai shekara 30 da tsawon mita biyu, wanda tun 2004 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, aka kuma taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Sai babban harid mai ƙulun goshi, wanda baƙi ke bin garkensa a ruwa marar zurfi don hotonsa yana da farin jini. Guda ɗaya yana gutsurar kimanin tan biyar na dutsen murjani a shekara, ya niƙa ya fitar da shi yashi, ya share wa sabon murjani wurin tsirowa. Waɗannan biyun ina roƙon a hana fitar da su daga ruwa kwata-kwata, ko da na ƙiftawar ido ne, Napoliyon kuma a hana nemansa da gangan.

Wasu ƙasashe sun riga mu, kuma baƙi ba su gudu ba. A jihar Fulorida ta Amurka, tun 2013 duk kifin tafon da ya wuce inci 40, wato kimanin mita ɗaya, dole ya zauna cikin ruwa, mai son hoto sai dai ya sunkuyo ko ya shiga ruwan ya same shi. Ƙasar Beliz a 2009 ta mayar da wasu kifaye uku da baƙi suka fi nema na kamawa a saki kawai. A tsibiran nesa na Seshal ana iyakance adadin sandunan da za su shiga wuri guda a mako, ana kuma danne kunnen ƙugiya, duk da haka mutane suna biyan dubban daloli suna jiran layi. Baƙon da ya san darajar abin, wurin da ke da doka yake nema, domin can ne manyan kifi suka rage.

Ƙa'idar da nake nufi ba ta da tsawo. Kifin da za a saki ya zauna cikin ruwa har mai kyamara ya gama shiri. In za a ɗaga, a ɗaga da jiƙaƙƙen hannu, ɗaya a ƙarƙashin ciki ɗaya a wutsiya, a kwance, kada ya wuce daƙiƙa 10, kuma sau ɗaya. Alamar da kowa zai iya dubawa ita ce ruwa yana ɗiga daga jikin kifin a hoton, in ya bushe an daɗe. Ba rataye shi ta leɓe da maƙata yana lilo, nauyinsa duka a kan muƙamuƙi. Ba sa yatsu cikin kunnuwa. Ba kwantar da shi a kan daɓe ko yashi. A yi amfani da ƙugiya ɗaya marar kunne, ba mai baki uku ba, da zare mai ƙarfi da zai gajarta kokawa. Abin da ya sa wannan doka ta fi sauran sauƙin aiwatarwa shi ne mai laifin da kansa yake wallafa shaida. Jami'inmu ba shi da man da zai bi kowane jirgi zuwa Mukawwar, amma yana da waya. Kamfanonin nan da hoto suke talla a Instagram da Facebook. Duk wanda aka ga hotonsa da bushasshen kifi a kan daɓe, a ja masa kunne, in ya sake a karɓe lasisi.

Hoto yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Wayoyi da kyamarori da yawa suna liƙa wa hoto alamar wurin da aka ɗauke shi, ko ba haka ba ma, tsauni ko tsibirin da ke bayan mutum ya isa ya nuna wa wanda ya san teku inda ake. Najil yana taruwa a wasu keɓantattun wurare a farkon lokacin zafi don zuba ƙwai, kuma gefen Mukawwar yana cikinsu. Sanin waɗannan wurare a da yana ƙirjin dattawan masunta ne. Kifi ne mai tsada da kasuwar Saudiyya ke so, saboda haka hoto ɗaya da ya nuna wurin taro zai iya jawo jiragen da ba nishaɗi ya kawo su ba. A rufe irin waɗannan wurare ga baƙi a lokacin ƙwai, a kuma hana wallafa alamar wuri.

Ga kuma ƙafa da anga. Murjani mai rassa yana ƙara kimanin santimita 10 a shekara in ya samu lafiya, mai dunƙule kuwa kimanin santimita ɗaya. Mutumin da ke ja da baya a kan dutse yana neman inda haske zai yi wa hoto kyau zai iya farfasa aikin shekaru da takalminsa. Tun da zafin teku ya riga ya gallabi murjani a duniya, har a Afrilun 2024 aka ayyana karo na huɗu na koɗewarsa a faɗin duniya, bai kamata mu ƙara masa da namu ba. A kafa wuraren ɗaure jirgi na dindindin a inda aka fi zuwa, a daina jefa anga a kan dutse mai rai.

Ranka ya daɗe, akwai abin da nake tsoro, kuma gara in faɗe shi. Sau da yawa in aka ce za a kare teku, dokar takan sauka a kan talaka mai huri da zare a hannu, wanda ya fita tun asuba don ya samo kifin sha'ur ɗin da yaransa za su ci, baƙo mai takardar izini kuwa ya wuce ana sara masa. In haka za a yi, gara a bar maganata. Mutanen Dungonab da Muhammad Ƙol su ne suka zauna da wannan ruwa tun kafin a san shi a duniya, kuma kifin da suka kama don ci ko sayarwa halaliyarsu ne. Wanda ya kashe kifi ya ci yana da hujja a gaban Allah da mutane. Wanda ya wahalar da shi har ya mutu don hoto kawai, ban ga hujjarsa ba, kuma addininmu ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka. Saboda haka a ware wani kaso sananne na kuɗin lasisi ya tafi kai tsaye ga waɗannan ƙauyuka, ga ruwan sha da ƙanƙara da gyaran injin. Kowane jirgin baƙi ya ɗauki jagora ɗan yankin da aka horar, a kuma ba shi ikon cewa a mayar da kifi ruwa ba tare da tsoron rasa aikinsa ba. Wannan na ƙarshen na san nauyinsa. Yaron jirgi yana ganin kifi yana mutuwa a cinyar baƙo, amma ya san goron da za a ba shi a ƙarshen tafiya ya dogara da kyawun hoton, sai ya haɗiye maganarsa. Doka ce kaɗai za ta ba shi bakin magana.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga alfahari da babban kifi. A Argungu, can Najeriya, wanda ya zo na ɗaya a bikin 2020 ya fito da kifi mai kilo 78, kuma hotonsa ya zaga duniya. Amma wannan hoto bai samu ba sai don ana hana su a wannan yanki na kogin Matan Fada sauran kwanakin shekara, Sarkin Ruwa yana tsare da shi. Mu ma muna da dattawan da masunta ke jin maganarsu a kowace gaɓa, a cikin Beja da sauran al'ummomi, kuma ƙa'idar da aka rubuta ba da saninsu ba za ta tsaya a ofis.

Jami'ar Bahar Maliya tana nan garin da sashenta na kimiyyar teku. A wajabta wa kowane jirgi ya rubuta irin kifin da ya kama da tsawonsa da zurfin da ya fito da yadda ya tafi bayan saki, a miƙa wa malaman, a kuma ba ɗalibansu gurbi a jirgi su sa wa bayad alama su bi shi. Da haka nan da 'yan shekaru za mu samu alƙaluman kifinmu a ruwanmu, mu gyara ƙa'idar a kansu. Hukumar PERSGA mai kula da muhallin Bahar Maliya, da ke Jidda, wadda Sudan mamba ce a cikinta, aikinta ke nan ta taimaka a irin wannan.

Ina roƙonka ka kira zama guda a Bur Sudan, ka haɗa jami'an gandun teku da na sashen kifi da malaman jami'a da dattawan masunta na Dungonab da Muhammad Ƙol da Sawakin da masu jiragen da ke ɗaure a tasha, a fitar da takarda mai shafi ɗaya da Larabci da Ingilishi wadda kowane baƙo zai sa wa hannu kafin ya taka jirgi. Mu da muka yi aikin a shirye muke mu zo mu nuna yadda ake riƙe kifi a ruwa da yadda ake mayar da na zurfi, ba sai an biya mu ba.

Allah ya taimake ka, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani ɗan Bur Sudan, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa.